Gamba: kada lauje ya riga iri faɗuwa

Jama'ar Tanda, Bana, Bengu, Tunuga da sauran ƙauyukan Gaya, da ku ƴan uwa da ke karanta mu daga Kwatano, Legas ko Yamai, yau zancen gamba za mu yi. Ga kaka ta kama, lauje ya fara fita, kuma duk wanda ya san dajinmu shekarun baya ya san ciyawar nan ta ja da baya. Inda da ake yankan zana a bayan gari, yanzu sai an ɗaura amalanke an yi nisa.

Gamba ba irin ƙarangiya ko ƙyasuwa ba ce, masu mutuwa da rani su dawo ta hanyar iri. Ita gindinta ba ya mutuwa. Tana da saiwa kashi uku: wata shimfiɗe kusa da saman ƙasa mai cafke ko da yayyafi ne, wata mai kauri da take ajiye abinci a ciki, sai wata mai nitsawa can ƙasa neman danshi. Shi ya sa da ruwan fari ya sauka ita ce ke fara yin kore, lokacin da shanu suka rame, harawa ta ƙare. Ɗanyen ganyen nan dabba na son shi ƙwarai. Amma da ta yi kara ta ƙosa, amfaninta ga dabba ya ragu, sai ta koma ta masu saƙa. A ƙasa mai kyau takan wuce mita 3, ta shanye mutum da hularsa.

Aikinta kuwa ba sai mun faɗa ba: zana, darni, rumbu, rumfar kasuwa, har alƙalamin da almajiri ke rubutu a allo. Wanda aka fi mantawa shi ne na iyaka. Kakanninmu sun jera gamba tsakanin gona da gona, don dutse ana iya gusar da shi da dare, gindin gamba kuwa in an taɓa kowa zai gani. Layin nan kuma yana tare iska, yana riƙe ƙasa da takin da ruwa zai kwashe. Inda ya ɓace, nan ake fara "gonarka ta ci tawa", har a kai gaban mai gari.

To me ke kashe ta? Garma na tumɓuke gindi, ga kiwo ba hutu, ga wutar daji. Amma a ganinmu babban laifin na gaggawa ne. Gamba sai ƙarshen damina take fidda kai, wajen watan Oktoba, irinta kuma ya nuna bayan haka. Kowa na tsoron kada wani ya riga shi, sai a yanke ta ɗanya, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Tsohon gindi na tsufa, sabo bai fito ba.

Gyaran bai da wuya. A jira iri ya zube kafin a sa lauje, kuma a bar kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa, kada a yi mata ƙwal. Mai son ƙarawa kada ya dogara da iri kawai, don mai gashi ne marar nauyi, iska na kwashe shi, kuma ba duka ke tsira ba. Dashe ya fi: a watan Yuli ko Agusta, ƙasa na jiƙe, a tsaga babban gindi gida-gida, a datse ganyen, a jera bakin gona ko bayan jerin duwatsun tare ruwa. Shekarar farko a tsare ta daga dabba.

Abin dariya, gambar nan tamu da aka kai Ostareliya tun 1931 don kiwo ta fi ƙarfinsu. Ta cika daji a arewacin ƙasar, tana haddasa gobara mai cinye itatuwa, har a 2012 suka sa ta cikin jerin mugayen ciyayi na ƙasa. Can kuɗi ake kashewa a kashe ta.

Ku da ke waje kuna aiko da kuɗin noma, in kun kira gida damina mai zuwa, ku tambaya ko an dasa gamba a iyakar gonar gado.