Kawar da Tsatsa daga Tankin Injin Ban-ruwa

Sanin kowa ne noman rani a fadamun Argungu da Birnin Kebbi ya dogara ga ƙananan injunan ban-ruwa. Idan aka jingine inji da damina, laima kan taru cikin tanki ta haifar da tsatsa, wadda kan toshe kafireta, inji ya mutu alhali shinkafa na bukatar ruwa.

Maganinta shi ne a juye fetur nesa da wuta, a kwance tankin, a girgiza shi da tsakuwa da kananzir, a zubar. Sannan a cika shi da ruwan tsamiya ya kwana, domin tsami kan narkar da tsatsa. A ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin, a shanya ya bushe sarai kafin a ɗaura.