Ko Ka San Ana Yi wa Kyanwa Ƙarin Ruwa da Barasa?

A 2017, a jihar Queensland ta Ostareliya, an garzaya da wani muzuru asibitin dabbobi rai a hannun Allah. Likitoci suka surka barasar vodka da ruwa, suka ɗura masa ta jijiya. Ya tashi, har aka laƙaba masa suna Tipsy, wato mai ɗan maye.

Abin da ya lasa shi ne ruwan nan kore ko ja da ake zubawa a lagireton mota, don kada ya daskare a ƙasashen sanyi ko ya tafasa a namu zafin. Sinadarin cikinsa, etilin gilaikol, zaƙi gare shi. Mota ta kwana tana ɗiga, kyanwa ta taka ɗigon, ta koma gefe tana lashe ƙafa. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa ya kashe ta.

Abin mamaki, ba shi kansa ruwan ne ke kisa ba. Hanta ce ke narka shi, ta mai da shi wasu sinadarai masu tsami, na ƙarshensu ya haɗu da kalsiyam ɗin jini su zama ƙananan tsakuwoyi masu kaifi, su toshe ƙoda. Da farko dabba za ta riƙa tangaɗi kamar bugagge, ga amai, ga ƙishirwa. Daga nan sai ta ɗan ware, mai ita ya ce ai ta warke. Nan ne ake tafka asara, domin a lokacin ne ƙodar ke mutuwa. Kyanwa kwana ɗaya ya ishe ta, kare kan kai biyu ko uku.

To ina barasa ta shigo? Ma'aikaci ɗaya ne a hanta ke narka su duka biyun, kuma ya fi son barasa nesa ba kusa ba. Muddin yana fama da ita, gubar sai ta bi fitsari ta fita yadda ta shiga. Akwai maganin fomepizole da ke ɗaure ma'aikacin ba tare da maye ba, sai dai tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Kada wani ya ji wannan ya ɗura wa karensa giya a gida. Aikin likita ne da awo, in ta yi yawa ita ma tana tsayar da numfashi. Lokacin fara magani bayan shan gubar kuma ƙanƙane ne: kyanwa awa 3, kare kamar awa 8.

A 2012 kamfanonin Amurka suka amince su riƙa zuba wa ruwan lagireton wani sinadari mai ɗan karen ɗaci. Sai dai kare mai haɗama kan riga ya haɗiye kafin ɗacin ya isa harshensa.