Hasumiyar Agadas da baƙin da suka daina zuwa

Matasanmu da ke Turai na yawan turo hotuna daga gaban hasumiyar Eiffel a Faris. A shekarun baya, Faransawa ne ke tururuwa zuwa Agadas don ganin tamu hasumiyar, su yi kwanaki a birni, sannan su hau motoci zuwa duwatsun Ayar, har lambunan albasa na Tabelot da ke gindin dutsen Bagzan.

Hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce, da laka zalla aka gina ta a 1515, aka sabunta ta a 1844. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta, su ne matakalar magina in za a yi yaɓe. Kusa da ita akwai fadar Sarkin Ayar da gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai wannan shaida ta zo a makare. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun riga sun kori 'yan yawon buɗe ido. Masu yi musu jagora da maƙeran azurfa suka rasa ciniki, daga birni har ƙauyukan Ayar.

Ginin laka kuwa ba ya jure sakaci. A daminar 2024, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram, shi ma na laka.