Ka yi wa inji ringin, giyabos ya ƙi zama? Dakata kafin ka ɗaure noti

Idan kai ɗan Kura ne, ko Bunkure, ko Garun Malam, ba sai an gaya maka darajar mota a lokacin rani ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan kanal ya mayar da yankin nan wurin da ba a hutun noma. Ana gama shinkafa a shiga tumatir, albasa, masara da alkama. Motarka ita ce mai kai taki gona, ita ce mai kwaso ’yan ƙwadago, ita ce kuma mai kai kwanduna Kwanar Gafan da sassafe. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kwana biyu mota na kwance a gareji, kwandon da za ka sayar da daraja ya fara zubar da ruwa.

To ga yadda abin yake faruwa, kuma wataƙila ya taɓa faruwa da kai ko da abokinka. Injin Vibe ɗinka ko Corolla ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Ka haɗa kuɗin shinkafa, aka sauke shi aka yi masa ringin, aka sa sabbin metal da gasket. Tunda an riga an sauke, ka ce bari a canja giyabos ɗin ma, aka je Ƙofar Ruwa aka sayo ɗan Beljiyam. Ranar haɗawa, aka ɗaga giyabos aka kara shi da inji, sai ya tsaya. Saura tazara kamar kaurin yatsa, ya ƙi shiga. Rana ta yi, kowa ya gaji, kai kuma wayarka sai ƙara take, dillali na jira. Sai wani a cikin yaran gareji ya ce: “Oga, a sa noti kawai, zai ja shi.”

Ɗan uwa, wannan maganar ita ce mafi tsada da za ka ji a garejin. Ko kai ne mai motar, ko kai ne yaron da ke koyon aiki, ka tsaya ka karanta dalili.

Abin da ke ɓoye a tsakiya

Motar otomatik ba ta da kulochin da ake takawa. A madadinsa akwai wani ƙarfe mai nauyi, kewayayye kamar kabewa, cike da man giya, wanda makanikai ke kira kwanbata. Ita ce ke karɓar ƙarfin inji ta miƙa wa giya ta hanyar juyawar mai. Wuyanta kuma shi ne ke juya famfon da ke tura mai cikin giyabos gaba ɗaya. Babu famfo, babu giya.

Kwanbatar nan ba sau ɗaya take shiga mazauninta ba. Sai ta hau haƙoran sanda ta farko, ta hau na biyu, sannan wuyanta ya faɗa cikin famfo. Shi ya sa ake tallafe ta da hannu biyu, ana juyawa ana turawa a hankali, har ka ji ta zurma ciki sau biyu ko uku. Matsalar ita ce, tana hawa matakin farko sai ta yi kamar ta zauna. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka an gama. Wannan ragowar matakin shi ne tazarar yatsan da kake gani.

Idan aka ɗaure noti aka matse da ƙarfi, wuyan kwanbata zai danne famfo. Ko dai ya fashe nan take, ko ya fashe a tayarwar farko. Inji zai tashi lafiya lau, ka sa D shiru, ka sa R shiru. Kuma ba a nan ɓarnar ta tsaya ba: matsin yana komawa kan karanshaf, ya cinye metal ɗin da ke hana shi motsi gaba da baya. Wato sabon ringin ɗinka ma ya shiga uku. Garin neman gira an rasa ido.

Abin dubawa kafin a ɗaga giyabos

Na farko, kwanbata a jikin giyabos ake sa ta, ba a jikin inji ba. Idan ka ga an ɗaure ta a inji ana ƙoƙarin zura mata giyabos, ka ce a tsaya. A zuba mata man giya kamar lita 1 kafin a sa ta, a shafa mai a wuyanta, a kuma canja sil ɗin gaban giyabos tunda yana fili. Sil ba shi da tsada, amma idan ya yi yoyo daga baya sai an sake sauke komai.

Na biyu, a auna. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giyabos, a auna zurfin da kwanbata ta shiga, a gwada da yadda farantin inji ya fito. Aikin minti 5 ne. Ido yana ruɗi, ruler ba ta ruɗi.

Na uku, ka tambayi asalin injin. Idan an sayo wani bulo ko karanshaf daga motar da take manuwal, falayawil ɗinta mai kauri ne, na otomatik kuwa siriri ne kamar faifai, kuma ba sa maye gurbin juna. A wasu motocin, musamman masu jan baya irin su Hilux, akwai ƙaramin boris a ramin bayan karanshaf na manuwal. Idan ba a cire shi ba, hancin kwanbata ba zai sami wurin shiga ba, ko da an yi komai daidai.

Na huɗu, ’yan fil guda biyu da ke saita inji da giyabos. Wani lokaci ɗaya ya ɓace, wani lokaci kuma tsohon ya maƙale a giyabos ɗin da ka sayo, ga wani a jikin inji, su biyu suna neman rami ɗaya. Ba tare da su ba giyabos zai zauna a karkace, faranti ya tsage bayan ’yan watanni. A duba kuma ko wata waya ko tiyo ta shiga tsakani.

Ƙa’idar guda ɗaya ce: inji da giyabos su haɗe fuska da fuska da ƙarfin hannu kawai. Aikin noti riƙewa ne, ba jawowa ba. Bayan an ɗaure, a sa hannu ta ramin ƙasa ko na kik a juya kwanbata. Dole ta juya sakayau, kuma a mafi yawan motoci za ka ga ’yar tazara, kamar milimita 3 zuwa 5, wadda za a jawo ta gaba ta haɗu da faranti. Idan ta cije ba ta motsi, a sauke. Haushi ne, amma haushin awa ɗaya ya fi na kaka guda.

An haɗa, amma har yanzu da saura

Wani lokaci komai ya zauna daidai, sai wata rigimar ta ɓullo. Kafin ka yanke hukuncin cewa an sayar maka da mataccen giyabos, bi waɗannan.

Ka murɗa makulli shiru, ko ta tashi a N ta ƙi tashi a P? Yawanci makunnin da ke gaya wa mota inda giya take ne bai saitu ba, ko wayar liba. Saiti ne, ba sauke giya ba.

Tana tafiya amma ta maƙale a giya ɗaya, tana tashi da nauyi kamar an ɗaure ta? Kwamfutar motar ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta kulle giyar don kare ta. Sau da yawa soket ne ba a cusa sosai ba, ko sensa, ko wayar as da aka manta. A sa na’urar bincike kafin a taɓa sifana. Ka kuma tabbata lambar giyabos ɗin ta dace da motarka da shekararta. Biyu suna iya yin kama kamar tagwaye a waje, soket ɗinsu da lissafin cikinsu daban.

Tana jinkirin shiga giya ko tana sulɓewa? Fara da mai. Bayan tayarwar farko kwanbata da tiyo suna shanye kaso mai yawa, sai an ƙara. A irin su Corolla da Vibe ana auna shi ne inji na aiki, ya yi zafi, mota a P a wuri mai daidai. Yawancin Honda kuwa sai an kashe inji ake aunawa. Kuma ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota da yawa na shekarun 2000 T-IV suke sha, an ma rubuta a jikin sandar awo, na baya-bayan nan WS, Honda na da nata, giyar CVT kuma nata daban ne gaba ɗaya. Man da aka ɗura a gorar ruwa a bakin titi, ba suna ba lamba, araha ce da ba ta ado.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: man giya yana bi ta lagireto ya huce. Idan tsohon giyabos ya ƙone, dattinsa na nan kwance a tiyo da lagireto. Ba a wanke ba, ka ɗura wa sabon gubar da ta kashe tsohon.

Hanyoyinmu ba na birni ba ne

Motar da ke yawo tsakanin Kadawa da Bunkure ba irin rayuwar motar Zoo Road take yi ba. Ga laka, ga ƙura, ga lodi. Idan ka kafe a taɓo, kada ka riƙa buga D da R kana taka totur, zafi ne ke kashe giyar otomatik. Idan ka ratsa ruwa mai zurfi, zaro sandar awo ka duba. Mai ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, kada ka ci gaba da tafiya. Idan ta mutu a hanya, ba a tura otomatik ta tashi, kuma jan ta da igiya daga Kura har Kano, tafiyar kusan kilomita 30, tayoyin da ke ja suna ƙasa, yana iya ƙona giyar, domin famfo ba ya aiki idan inji a kashe yake.

Kai mai mota, ba sai ka zama bakanike ba. Tambaya uku ta ishe ka: kwanbata ta zauna har ƙarshe? Ya haɗe da hannu ko da noti? Wane mai aka zuba? Ka yi su cikin ladabi, ogan kirki ba zai ji haushi ba. Ka kuma nemi mai kaya ya ba ka kwanakin gwaji kafin ka biya, domin tun bayan cire tallafin fetur a 2023 da faɗuwar naira, kayan gyara ba abin saya sau biyu ba ne.

Kai kuma yaron gareji, bidiyon TikTok na daƙiƙa 30 yana nuna maka an ɗaga an ɗaure an tayar. Ba ya nuna minti 20 da aka yi ana juya kwanbata. Idan ka ga tazara, ka gaya wa oga, ko da za a yi maka tsawa. A gari irin Kura, inda kowa ya san motar kowa, labarin giyar da ta mutu a hannunka zai riga ka isa majalisa. Haka ma labarin wadda ka haɗa ta yi shekaru tana kai kaya kasuwa.

In ka taɓa cin karo da irin wannan, faɗa mana yadda ta kaya. Wani na can gareji yanzu haka da sifana a hannu.