Yadda ƙwayoyin cutar gudawa ke daina jin magani

Da zarar damina ta kankama, masu fama da gudawa da amai kan ƙaru a asibitocin Tsafe da Bungudu da Gusau. Sai dai da yawansu ba sa isa gaban likita sai sun biya ta kemis, inda akan ƙulla musu Flagyl da kafson tetracycline mai ja da rawaya, na kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon kuɗin da ke aljihu. Wannan ɗabi'a na cikin abubuwan da ke karya ƙarfin magungunan da ake buƙata ranar da ciwo ya yi tsanani.

Ba kowace gudawa ce bakteriya ke haddasawa ba. A ƙananan yara, babban mai kawo ta shi ne bairos ɗin rota, wanda Najeriya ta shigar da rigakafinsa cikin na jarirai a 2022, kuma antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, ba ya taɓa shi ko kaɗan.

A ɓangaren bakteriya kuwa akwai wasu nau'o'in E. coli, da Salmonella da ake yawan ɗauka daga nama ko ƙwai da bai dahu ba, da Shigella mai kawo atini, wato bayan gida da jini da majina, sai Vibrio cholerae mai haddasa kwalara. Galibi hanyarsu ɗaya ce: ƙazantar bayan gida ta shiga ruwa ko abinci, ta rijiyar da ke dab da masai, ko jarkar ɗan garuwa, ko hannun da ba a wanke ba. Cunkoson mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu ya ƙara wa rijiyoyi da bandakunan garuruwan nauyi.

Zamfara ta ɗanɗana kuɗarta a 2021. Alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna an samu fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar, sama da 3,600 suka rasu, kuma fiye da 11,000 daga cikin masu cutar a Zamfara suke.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne Flagyl, duk da sunan da ya yi, ba ya kashe ko ɗaya daga cikin bakteriyar nan huɗu. Aikinsa a cikin hanji yana kan wasu halittu daban, irin su amiba. Idan mutum ya sha ya ga sauƙi bayan kwana uku, yawanci cutar ce ta lafa da kanta, maganin ya kwashi yabo a banza.

Asarar ba ta kuɗi ba ce kawai. Duk lokacin da aka sha antibayotik, bakteriya masu rauni sukan mutu, masu juriya su saura su hayayyafa. Bugu da ƙari, bakteriya na miƙa wa juna wannan juriya, har tsakanin jinsi daban-daban. Da haka ne ampicillin da Septrin da tetracycline, waɗanda a da ake dogaro da su, suka daina tasiri kan Shigella da E. coli a sassa da yawa na Afirka. Masu kiwon kaji da ke zuba irin waɗannan magunguna a ruwan sha ba tare da shawarar likitan dabbobi ba su ma suna da hannu. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa bakteriya marasa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da adadin jama'a.

Abin da ke kisa a yawancin gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ruwan gishiri da sukari a gaba, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ga yara. In babu na leda, akan haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Antibayotik na da muhallinsa: atini, da kwalara mai tsanani, da taifot, da yaro mai tamowa. Jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko faɗawar idanu, ko amai da ya hana shan ruwa, alamu ne na a garzaya asibiti. A nan ne likita zai iya neman gwajin bayan gida, inda ake rainon ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje a ga maganin da take ji. Sakamakon kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma antibayotik ɗin da aka riga aka sha a gida na iya hana ƙwayar tsirowa, gwajin ya fito babu komai alhali cutar tana nan.