Kular Tuwo da Rufin Ɗaki

Duk uwargidan da ta taɓa aika abinci gona ko asibiti ta san aikin kula. A zuba tuwo da hantsi, a buɗe da la'asar yana tururi. A wanke ta a zuba zoɓo da ƙanƙara, ya wuni da sanyinsa. Ba ta da wuta, ba ta da inji. Bango biyu ne da soso a tsakani, soson kuma cike yake da iskar da aka tsare, ba ta motsi. Zafi ba ya ratsa irin wannan iska da sauƙi, ko shiga zai yi ko fita.

Mai shimfiɗa abin tare zafi a rufin gida, ɗaki yake mayarwa kula. A Kwangila ta Zariya, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da ta Samaru da Funtuwa, shaguna da gidajen haya kusan duk bulo ne da kwano. A watan Maris da Afrilu, kwanon da rana ta daka yakan haura digiri 60, ya turo zafin cikin silin da bango, ɗaki ya ƙi kwantuwa har bayan isha'i. Hunturu ya zo, ta kwanon nan dai ɗumin ɗaki ke sulalewa. Soron ƙasa da azara, irin ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wa Masallacin Juma'a na birnin Zariya a ƙarni na 19, kaurinsa ke shanye zafin rana. Wahalar yaɓe duk damina ta sa muka koma kwano, muka bar wannan ni'ima a baya.

A nan galibi kafinta ko mai silin ne ke haɗawa da wannan aiki. Wani ya shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, ya bar mata sarari, domin in ta manne amfaninta ya ragu. Wani ya jera farin soso a kan silin. Wani kuma audugar gilashi yake warwarewa, mai kaurin milimita 50 ko 100. Duk a tsugune yake yi, tsakanin kwano da silin, wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan. Katako kaɗai zai taka, in ya kuskure ƙafa sai ƙasa. Ga wayoyin wuta a gefe, ga audugar nan mai sa ƙaiƙayi da tari. Shi ya sa mai hankali kan hau da sassafe, ya sauko kafin azahar.

Gwaninta a nan tana wajen toshe kafa. Kular da murfinta bai zauna ba, komai kyanta tuwo zai huce. Haka ɗan giɓi a kusurwa, ko audugar da aka danne ta kwanta, ko yoyon da ya jiƙa ta: kuɗi sun fita, zafi na nan. Kuma da an rufe silin, ba mai gani. Abin da ke damuna ke nan. Maigida zai biya adon silin da fitilu ba tare da ciniki ba, amma a ce masa, “Alhaji, a sa wani abu a sama,” sai ya ce a bari tukuna. Daga baya kuɗin su tafi a fanka da man janareta, yara kuma na fama da ƙurajen zafi.

Shi ma ma'aikacin a duba shi. Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbestos ne, wanda ƙurarsa ke lalata huhu har ta kai ga ciwon daji. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999. Yaron da za a tura ya ɓalle irin wannan silin, a jiƙa masa shi da ruwa, kada ya sa zarto. Takunkumi mai kyau da safar hannu da riga mai dogon hannu kuwa, a lissafa su cikin kuɗin kaya tun ranar ciniki.