OpenBSD: Manhajar Da Ba A Tunawa Da Ita Sai An Shiga Matsala

A cikin watan Janairu na shekarar 2014, jaridu da mujallun da ke bayar da labaran fasaha a ƙasashen Turai da Amurka sun ɗauki wani labari da ya ba 'yan kasuwa da dama mamaki. Labarin kuwa shi ne, ƙungiyar da ke rubuta manhajar nan ta OpenBSD ta bayyana cewa mai yiwuwa ne ta dakatar da aikinta, saboda ta rasa mai biya mata kuɗin wutar lantarki na kimanin dalar Kanada 20,000 a shekara. Dalilin mamakin shi ne, wannan ƙungiya ita ce ta ƙera ɗaya daga cikin makullan da bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati a duk faɗin duniya suke tsare kwamfutocinsu da shi.

Ita dai OpenBSD babbar manhaja ce ta sarrafa kwamfuta, wato sa'ar Windows da Linux, wadda sauran manhajoji suke hawa kanta su yi aiki. Wani masanin kwamfuta mai suna Theo de Raadt, haifaffen Afirka ta Kudu kuma mazaunin birnin Kalgari na ƙasar Kanada, shi ne ya kafa ta a shekarar 1995, bayan ya rabu da abokan aikinsa na manhajar NetBSD. Tun daga 1996 ake fitar da sabon zubi nata duk bayan wata shida. Rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili yake, kowa yana iya karantawa, ya gyara, ya kuma rarraba ba tare da biyan ko kwabo ba. Zamanta a Kanada ya yi mata rana, domin a shekarun 1990 dokokin Amurka sun ƙuntata fitar da dabarun ɓoye saƙo zuwa ƙasashen waje, alhali ita tana iya rarraba su daga Kanada.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne fifita tsaro a kan komai. Masu aikin, waɗanda akasarinsu 'yan sa kai ne, suna bin rubutun layi bayan layi suna neman kuskure, bisa fahimtar cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma duk wata ƙofa da ba a bukata, a rufe take zuwa, sai mai kwamfuta ya buɗe da kansa. Ƙungiyar tana alfahari da cewa a tsawon tarihinta sau biyu kacal aka gano kafar da ɗan kutse zai iya shiga daga nesa a manhajar kamar yadda take zuwa, wato a 2002 da kuma 2007.

Duk da haka, masu amfani da OpenBSD kai tsaye ba su da yawa. Inda take da tasiri a harkar kasuwanci shi ne ta hanyar ƙananan manhajojin da ta haifa. Babba a cikinsu ita ce OpenSSH, wadda aka fitar a 1999, kuma da ita ne ma'aikaci ke shiga kwamfutar da ke wani gari ya sarrafa ta ba tare da wani ya saci sirrin abin da ke gudana ba. Kusan kowace kwamfuta mai Linux tana ɗauke da ita, haka ma kwamfutocin Apple, sannan Microsoft ya sanya ta cikin Windows 10 a 2018. Saboda haka da wuya a sami babban banki ko kamfanin waya, a Legas yake ko a Landan, da ba ya cin moriyarta. Akwai kuma katangar tsaro mai suna PF da aka fitar a 2001, wadda ita ma Apple ya ara.

Idan aka bi tarihin fitowar sunan OpenBSD a kafofin watsa labarai, za a ga kusan kullum wata ɓaraka ce ke jawo shi. A 2003, hukumar binciken kimiyya ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, tana tallafa wa wani shiri na dala miliyan 2.3 ta hannun Jami'ar Fensilbaniya, wanda OpenBSD ke samun kaso a ciki. A watan Afrilu na shekarar, bayan de Raadt ya soki yaƙin Iraƙi a hirarsa da wata jaridar Kanada, sai aka yanke tallafin, aka kuma soke biyan kuɗin masaukin taron da masu aikin suka shirya yi a Kalgari. A 2006 ƙungiyar ta koka da ƙarancin kuɗi, inda gidauniyar Mozilla ta agaza da dala 10,000. A watan Disamba na 2010 kuma, wani tsohon ɗan kwangila ya yi zargin cewa hukumar FBI ta biya wasu domin su sanya ɓarauniyar hanya a cikin manhajar shekaru goma kafin nan. De Raadt ya fito da takardar zargin fili, aka bi rubutun aka bincika, aka sami wasu kurakurai aka gyara, amma ba a sami shaidar ɓarauniyar hanyar ba.

Shekarar 2014 ce ta fi kowace. Da labarin kuɗin lantarki ya bazu, wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Romaniya ya biya dala 20,000 ɗin da kuɗin intanet na bitkoyin, wasu kuma suka biyo baya, har gidauniyar OpenBSD, wadda aka kafa a 2007, ta zarce dala 150,000 da ta nema a shekarar. A watan Afrilu kuma sai aka gano wata babbar kafa da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, wata manhajar kyauta da ke tsare cinikin intanet, wadda duk da kamancin suna ba OpenBSD ce ta rubuta ta ba. Ta wannan kafa aka sace lambobin shaida na mutane kimanin 900 daga hukumar tara haraji ta Kanada. A lokacin ne duniya ta ji cewa gudummawar da masu OpenSSL ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Nan take mutanen OpenBSD suka ɗauki rubutun suka shiga tankaɗe da rairaya, suka zubar da layi kusan 90,000 a makon farko, suka fito da tasu mai suna LibreSSL. A 2015 Microsoft ya shiga sahun manyan masu ba gidauniyar gudummawa.

A fannin tattalin arziki, wannan matsala tsohuwa ce, kuma an san ta da matsalar kayan amfanin gama-gari. Misalinta shi ne rijiyar tsakiyar gari: kowa na ɗiba, ɗibar wani ba ta hana wani, amma ranar yasa kowa sai ya jira maƙwabcinsa. Lasisin OpenBSD ya yarje wa kamfani ya ɗauki manhajar ya sanya cikin hajarsa ya sayar, ba tare da an tilasta masa mayar da komai ba. Bugu da ƙari, tsaro haja ce da ba a ganin amfaninta ranar da take aiki, domin satar da ba ta auku ba ba ta shiga jarida, ba ta kuma shiga littafin riba da asara. Shi ya sa kuɗi ke zuwa bayan kanun labarai, su kuma ja baya idan ƙura ta lafa. Hatta cinikin fayafayan CD, wanda ya daɗe yana riƙe da aikin, ya zo ƙarshe a 2016, aka koma dogara ga gudummawa.

Darasin da ke nan ga ɗan kasuwa shi ne, yawan jin sunan haja a kafofin watsa labarai ba ya nuna ingancinta, haka kuma shirun da ake yi a kanta ba ya nuna cewa tana da mai kula da ita. Ya kamata shugaban kamfani ya nemi ma'aikatansa na sashen kwamfuta su kawo masa jerin manhajojin kyauta da harkarsa ta dogara a kansu, da waɗanda ke kula da kowace, da kuma ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe. Kamfanin da ke ware kuɗin maigadi da na inshora a kasafinsa na shekara, bai kamata ya ga nauyin ware wani abu ga masu ƙera masa makulli ba, tunda kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.